Turancin da Ba Ya Cikin Littafi

Zuwa ga Kawu Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ya jiki, ya zaman gida bayan ajiye aiki? Ni ma lafiyata ƙalau, sai sanyin ƙasar nan da bai san wasa ba.

Na san za ka juya ambulan ɗin nan kana tunanin wace ce. Ni ce Auta, 'yar marigayiya ƙanwarka, wadda mahaifinta da naka suke wa da ƙani. Ka gan ni ina ƙarama ranar da ka zo gidanmu a kan keke ka ba ni guntun alli, sai kuma lokacin rasuwar Inna, lokacin kuwa ba na gane kowa. Yaya Babba ne ya ba ni adireshinka. Na so in kira ka a waya, ya ce kada in wahalar da kaina, kunnenka ya yi nauyi, kuma ko da can ba ka shiri da waya.

Kawu, ina aiki a wani gida da ake kula da tsofaffi. Ina yi musu wanka, in canza musu kaya da zanen gado, in ba da abinci a baki ga waɗanda hannunsu ya daina riƙe cokali. Aikin ba ya ba ni tsoro, ai na yi jinyar Inna. Bakin mutanen nan ne yake ba ni tsoro. Na zo ina taƙama da Turancina tunda na ci jarrabawa da kyau, ashe wanda na karanta daban, wanda suke yi daban. Kalmomin duk na san su ɗaya bayan ɗaya, amma da sun jera su sai su zama wani abu.

Shekaranjiya na makara wajen kai wa wani tsoho shayinsa. Shugabarmu ta tare ni a baranda ta ce, "You need to pull your socks up." Na duba ƙafata, na ga safar dama ta ɗan zame, na sunkuya na ja ta sama, na ce mata na gode. Wasu ma'aikata da ke kusa suka kwashe da dariya, ɗaya har tana dafa bango. Ita Shugaba ko murmushi ba ta yi ba. Ina jin ta ɗauka rashin kunya na yi mata. Ga shi har yanzu a gwaji nake, ita ce za ta ce a riƙe ni ko a sallame ni.

Ba ni da wanda zan tambaya a nan ban ƙara zama abin dariya ba. Ɗakina a saman wani shagon wanki yake, gado ɗaya, kujera ɗaya, taga tana kallon bangon maƙwabta. In na dawo daga aiki, injinan wankin nan na ƙasa ne kaɗai suke yi mini hira. Inna takan ce duk danginmu babu wanda ya sha Turanci kamar ka. Don Allah me matar nan take nufi da safata?

Ka gafarce ni da na faɗo maka haka babu sallama tun da can.

'Yarka,
Auta

*

Ɗiyata Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso lafiya, ta same ni lafiya, in ban da gwiwoyi da suka daɗe da fita daga jam'iyyata. Allah ya ji ƙan mahaifiyarki. Na tuna ki sarai. Allin nan cinye shi kika yi, ta bi ni da faɗa har bakin ƙofa.

Mai askin da ke bakin layinmu shi ke karɓar mini wasiƙu. Da ya miƙo mini taki sai da ya tambaye ni ko kuskure aka yi, don rabon da a rubuto mini har ya manta. Na karanta a tsaye, na zo wurin safa na yi dariya har ya ajiye almakashi. Ki yafe mini. Daga baya na zauna na ji ba daɗi, don na san yadda dariyar mutane take a kunnen baƙo.

Ba ruwan Shugabarki da safarki. Cewa take ki zage damtse, ki ƙara himma. Kuma ki lura, mu ma da wani baƙo zai ji an ce masa ya zage damtse, hannun rigarsa zai fara naɗewa. Muna cewa mutum ya ci kasuwa, ya sha iska, ya kashe kuɗi, ba wanda ya taɓa ganin jini. Kowane harshe yana da irin wannan, masu shi ba sa ma jin sa. Gobe ki same ta ita kaɗai, ki ce mata ba ki san maganar ba ne, yanzu kin sani. Kada ki tsawaita.

Ga wasu ki riƙe. In sun ce abu "a piece of cake" ne, ba za a ba ki komai ki ci ba, nufinsu abin mai sauƙi ne. In an ce ki "keep an eye on" wani, ki sa masa ido, wannan kam mun yi tarayya da su. Wanda ya ce yana "under the weather", jikinsa ne ba ya masa daɗi, ɗan mura ko kasala, abin da ba ya kai mutum asibiti. In kuwa ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, ki ce "it is raining cats and dogs", za ki ga sun dube ki da daraja.

Na koyar da waɗannan har gashina ya yi fari, amma in gaya miki gaskiya ban taɓa jin mai harshen ya faɗe su a gabana ba, sai a rediyo, ita ma yanzu sai na manna ta a kunne. Ke ce za ki riƙa ba ni labarin yadda suke fita daga bakinsu.

Ina nan a ɗakina na bayan makaranta. Tun rasuwar gwaggonki, mai ɗakina, ni kaɗai ne, ni da littattafai da wata ƙadangaruwa da ta mayar da tagata ofis. Babban ɗana yana ta matsa mini in koma wurinsa, ni kuwa na ce ba yanzu ba. Da safe nakan ga yara suna wucewa da jakunkuna, babu wanda ya san na taɓa riƙe alli. Saboda haka kada ki ce kin dame ni. Ki turo tambayoyi ko buhu ne.

Kawunki

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya gwiwoyi, ya mai ofis ta taga? Ni lafiya lau. Na yi yadda ka ce. Shugaba ta saurare ni, sannan ta ce ita ma da ta yi tunani kafin ta faɗa mini haka. Tun ranar in za ta yi mini magana takan rage gudu.

Amma Kawu, karnukanka da kyanwoyinka sun kunyata ni. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi na shiga ɗakin cin abinci ina karkaɗe lema, na faɗe ta da ƙarfi yadda kowa zai ji. Wata abokiyar aikina, muna ce mata Doguwa, ta ce rabonta da jin wannan tun kakarta tana da rai. Sai wata tsohuwa da ke zaune a bakin taga ta ɗago kai. Tela ce a da, ɗakinta ne na ƙarshe a baranda, kuma tun zuwana ban taɓa jin ta haɗa kalma uku ba. Ta ce babanta haka yake faɗa duk ranar da ya dawo a jiƙe. Ta kama hannuna ta ce in sake faɗa. Na sake. Yanzu kullum in na je yi mata wanka sai ta koya mini wata irin ta mutanen da, tana duba ɗinkin rigata tana cewa wanda ya yi shi bai ji tsoron Allah ba. Wani lokaci takan kira ni da sunan ƙanwarta. Ina amsawa.

Akwai abin da nake so in tambaye ka, ina jin nauyinsa. Doguwa tana da kirki, takan rage mini hanya a motarta in an tashi. Rannan da za ta sauke ni ta ce, "You must come round sometime." Na ji daɗi har na kasa cin abinci. Tun zuwana babu wanda ya ce in taka gidansa. Ranar hutuna na yi wanka, na sa rigar da na zo da ita daga gida, na sayi 'ya'yan itace, na hau bas na je, don ta taɓa nuna mini gidan. Ta buɗe ƙofa da kayan barci, gashi a hargitse, ta dube ni ta dubi ledar hannuna, ta tambaye ni ko wani abu ya faru a wurin aiki. Na ce a'a, ziyara na zo. Mijinta yana daga ciki yana tambayar wane ne. Ta ce in yi haƙuri, suna shirin fita. Ta karɓi ledar, ta yi godiya sosai, ta rufe ƙofa a hankali.

Ban hau bas ba, da ƙafa na dawo. Washegari ta gaishe ni kamar kullum, ni ce na kasa haɗa ido da ita. Kawu, ita ce fa ta ce lallai in zo. Ina na yi kuskure?

'Yarka,
Auta

*

Ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Na samu taki. Na duba duk littattafan da nake da su, babu wanda ya kawo wannan, don a wurinsu ba ta cikin maganganu masu wuya. Amma na yi ta juya ta, ga abin da na gani. Kalmar da ta cuce ki ita ce ta ƙarshe, wadda ba ta da rana. In da gaske suke za su sa rana da lokaci. In ba su sa ba, gaisuwa ce kawai, kamar yadda mai cin abinci yake ce wa mai wucewa bismillah, ba don yana so ya zauna ya wanke hannu ba. Ba ki yi laifi ba, ita ma ba ta yi ba. Ki ci gaba da shiga motarta.

Ki gaishe mini da Tela. Ashe ni da ita ajinmu ɗaya, Turancinmu ya tsufa tare da mu.

Ki yi haƙuri da gajartar wannan da kuma rubutun da ya karkace, biron ne ba shi da kirki. Kwanakin nan ni ma ina ɗan "under the weather", kin dai san ma'anarta yanzu.

Keep in touch.

Kawunki

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Sannu da mura, Allah ya sawwaƙe. Ka riƙa shan ruwan ɗumi, ka rufe tagar nan ko mai ofis za ta yi fushi.

Albishirinka. An riƙe ni. Shugaba ta kira ni ofis ta ce na gama gwaji, har ta ce tsofaffi suna tambayata in ba na nan. Da na fito na rasa wanda zan gaya wa, sai na je na gaya wa Tela. Ta ce dama ta sani, wai ita ce ta sa baki. Na sayo maka biro mai kyau, ga shi cikin ambulan, kada ka sake ɗora wa na da laifi.

Jikin Tela ne ba ya yi mini daɗi. Makon jiya ta fice daga gidan ba wanda ya gani, da silifas da rigar sanyi a kan kayan barci. Aka bazu nemanta. Ni na same ta a inda ake jiran bas, tana zaune da jakarta a cinya, wai za ta shago, masu kaya suna jiranta. Na zauna kusa da ita na ce yau shago a rufe yake. Ta ce to, ta ba ni hannu muka dawo.

Ga tambayoyin wannan karon. Me ake nufi da "touch wood"? Doguwa takan faɗa tana ƙwanƙwasa tebur. Sai kuma "it's not my cup of tea", wanda wani tsoho ya ce mini alhali ba shayi na kawo masa ba, rediyo na kunna. Ina da zato a kan wannan, amma na fi so in ji daga bakinka.

Ina jiran amsa.

'Yarka,
Auta

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ni ina nan.

Sanyi ya wuce, itatuwan kan titinmu sun yi ganye, ban ga takardarka ba. Kullum in na dawo sai na leƙa shagon wanki, matar da ke wurin tun kafin in yi magana take girgiza mini kai. Na kira Yaya Babba, ya ce shi ma rabonsa da labarinka tun da ya ba ni adireshi, amma da wani abu ya faru ai da an ji.

Tela ta rasu.

Na zo aiki da safe, ina cire riga Shugaba ta same ni, ta dafa kafaɗata ta ce, "We lost her." Kawu, ban tsaya jin sauran ba. Na ɗauka ta sake ficewa. Na fita a guje ko jakata ban ɗauka ba, na je wurin jiran bas, ba ta nan. Na bi titi ina leƙa shaguna, ina tambayar mutane ko sun ga wata tsohuwa da silifas. Na je har gada na dawo. Ina tsaye ina haki sai ga Shugaba ta biyo ni da rigata a hannu. Ta zaunar da ni a kan bencin, ta faɗa mini da kalmar da ba ta da kwana-kwana.

Abin da ya fi ci mini rai, mu ma haka muke faɗa. Da da Hausa aka ce mini mun rasa ta, ko an yi rashi, da a nan take zan zauna. Amma da ya zo da Turanci sai kunnena bai gane shi ba.

Ni na kwashe kayanta. A aljihun rigar sanyinta na samu zare da maɓallai da ta ciccire daga rigunan mutane. 'Yarta ta zo da mota ta ɗauki akwatunan. Ta rungume ni, ta ce mahaifiyarta tana yawan maganata, ta ce, "Keep in touch." Ba ta ba ni lambarta ba, ba ta karɓi tawa ba. Ban san ranar da aka binne ta ba, sai daga baya na ji a bakin Doguwa. Na tambayi Doguwa ma'anar maganar, ta ce abin da ake faɗa ne in ana rabuwa.

Da na dawo ɗaki na ɗauko takardarka ta ƙarshe. Na ga gajartarta, na ga abin da ka rufe ta da shi. Ka koya mini cewa maganar da ba ta da rana gaisuwa ce kawai. Ashe sallamata ka yi, ni kuwa na bi ka da biro da tambayar shayi, kamar yadda na je ƙofar Doguwa da leda.

Ban ga laifinka ba, Kawu. Ba ka san ni ba, na faɗo maka daga sama, ka yi mini abin da na kusa ma ba su yi ba. Na gode. Ba sai ka amsa wannan ba. Na rubuta ne don tun da ta rasu ban faɗa wa kowa da harshenmu ba.

Allah ya ƙara lafiya.

Auta

*

Ɗiyata Auta,

Wa alaikumus salam. Kada ki tsorata da wannan rubutu kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Da hannun hagu nake yi, kuma na daɗe ina yin sa, kullum 'yan layuka.

Ban sallame ki ba. Wallahi ban sallame ki ba. A littafin da na koyar da shi, maganar nan tana nufin kada zumunci ya yanke, da wannan nufin na rubuta. Ban san sun mayar da ita abin rufe ƙofa ba.

Lokacin da na rubuta miki waccan, hannuna na dama ya riga ya fara yi mini gardama. Bayan 'yan kwanaki na faɗi a bakin ƙofa. Mai aski ne ya ga ban fito ba ya leƙo. Daga asibiti babban ɗana ya wuce da ni gidansa, ko ɗakina ban sake gani ba. Takardunki biyu suna can a shagon aski cikin aljihun tebur, sai da ɗana ya je kwaso littattafaina aka ba shi. A rana ɗaya na karanta su, ta farin ciki da ta baƙin ciki. Na yi murna da aikinki, ban gama murnar ba na buɗe ta biyu.

Allah ya ji ƙan baiwarsa Tela, ya ba ki haƙuri. Kada ki ji kunyar gudun da kika yi. Duk gidan nan ke kaɗai kika fita nemanta. Ni da za a ce ranar tawa wani zai fita titi yana tambayar mutane ko sun gan ni, da na gode Allah.

Yanzu tambayoyinki, don malami ba ya barin bashin aji. Masu ƙwanƙwasa katako suna kore baki ne, kamar mutum ya faɗi alherin da yake ciki sai ya ji tsoron kada ya gushe. Shi kuwa tsohon da ya ce ba kofin shayinsa ba ne, cewa yake abin da kika kunna ba ya burge shi. Na tabbata zatonki ke nan. Biro ya iso, da shi nake wannan aika-aika.

An ba ni ɗaki mai kyau kusa da falo. Surukata tana da kirki, abinci ba ya makara. Suna fita da safe su dawo da yamma, in sun yi mini magana sai sun ɗaga murya, sun gaji, ni ma na gaji da cewa me, sai mu yi wa juna murmushi. Littattafaina suna cikin kwali a ƙarƙashin gado, ba na iya jawo su.

Game da jiki, likita yana ƙoƙari. Kamar yadda mutanenki suke cewa, "I am not out of the woods yet", wato ban gama fita daga dajin ba, amma ana tafiya.

Ga sabon adireshi a bayan takarda.

Kawunki

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Sannu, sannu Kawu. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Matar shagon wanki da kanta ta hawo bene ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, tana ɗaga ambulan sama kamar ita aka aiko wa.

Ka yafe mini abin da na rubuta. Kana kwance a asibiti ni ina nan ina auna kalmominka. Da zan iya da na bi takardar nan na karɓo ta kafin ta iso hannunka.

Amma ni ma ina da ƙorafi. Kai ka koya mini cewa maganar nan ta rashin jin daɗin jiki ɗan mura ce, abin da ba ya kai mutum asibiti. Sannan ka ɗauke ta ka rufa a kan hannun da ya fara mutuwa, ni kuwa na ce ka sha ruwan ɗumi. Aikina ke nan fa, Kawu. Da ka ce mini hannunka yana nauyi, rubutu yana karkacewa, da na san ko mene ne, da na tashi Yaya Babba tsaye a ranar ya nemo ɗanka.

Yanzu kuma ka kawo mini daji. Na gaji da dajin nan. Duk yini ina cikin mutanen da sai na tona maganarsu kafin in san inda suka dosa, kai kaɗai ne wanda ba sai na tona ba. Don girman Allah ka ajiye Turanci gefe, ka gaya mini da Hausa, me likita ya ce? Kana iya tashi? Kana cin abinci da kanka? Hutuna sai baɗi. In abin ba zai jira baɗi ba, ka faɗa mini, in san abin da zan ce wa Shugaba.

An sa wani tsoho a ɗakin Tela, direban jirgin ƙasa ne a da. Ba ya magana da kowa. Har yanzu in na zo ƙofar sai na ɗan tsaya kafin in shiga.

Ka ce wa surukarka ta riƙa motsa maka yatsun hannun damar nan safe da yamma, ɗaya bayan ɗaya, ko ba ka jin su. Kuma a fito maka da littattafan daga ƙarƙashin gado a jera su inda hannunka zai kai. Ka ce ni na ce.

'Yarka,
Auta

*

Ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Kin yi gaskiya. Ga shi da Hausa.

Ɓarin jikina na dama ya shanye. Ba na tashi sai an ɗaga ni. Ina ci da hagu, rabi a baki rabi a riga. Likita ya gaya wa ɗana a waje, ya ɗauka ba na gani, cewa zuciyar ma ta gaji, kuma abin yana iya dawowa. Na karanta a fuskar ɗana da ya shigo yana fara'ar da ta yi yawa. Baɗi tana hannun Allah, amma ni ban sa rai ba.

Ina jin tsoro wani lokaci. Ba mutuwar ba sosai, yinin ne yake da tsawo. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, da Turanci ma ban san yadda zan faɗe shi ba.

Kada ki bar aikinki. Kin sha wuya kafin ki samu wurin zama a can, kuma in kin zo ba abin da za ki tarar sai tsoho mai cewa me. A takarda na fi jin ki. Direban nan da ba ya magana, ki tambaye shi jirgi, za ki ga baki ya buɗe.

An jera littattafan. Surukata ta ce a gaya wa likitar ƙasar waje an bi umarni.

Hannun hagu ya fara gajiya, idon ma haka. Ki riƙa yin rubutu da manyan baƙaƙe. Ki ba ni labarin titinku, da abin da kika ci, da wanda ya ɓata miki rai, ko babu tambaya a ciki. Kuma daga yau kada ki jira amsata kafin ki sake rubutowa.

Kawunki